Jini Ya Tsaya, Amma Kumburi Na Ƙaruwa: Amsoshin Tambayoyinku Kan Zubar Jini A Kewayen Ƙwaƙwalwa

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan abu guda: jinin da ya fita daga jijiya ya kwanta a cikin ƙoƙon kai, da ɓarnar da yake ci gaba da yi bayan ya daina zuba. Mun taƙaita tambayoyin, likitocin da ke kula da wannan fili suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifina ya yanke jiki ya faɗi da matsanancin ciwon kai, aka ce wata jijiya ce ta fashe, jini ya malala a kewayen ƙwaƙwalwarsa. An yi aiki an toshe jijiyar, har ya fara magana yana gane mutane. A kwana na shida sai ya soma ruɗewa, hannunsa ɗaya ya yi nauyi, alhali hoto ya nuna babu sabon jini. Me ya faru?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya. Abin da kika kwatanta sananne ne ga duk mai jinyar irin wannan ciwo, kuma saboda shi ne ba a gaggawar sallamar majiyyaci ko da an ga ya farfaɗo.

Ƙwaƙwalwa tana da tsaron da sauran sassan jiki ba su da shi. A hanta ko ƙoda, bangon siraran jijiyoyin jini yana da 'yan kafofi da abubuwa ke shiga suna fita. A ƙwaƙwalwa kuwa, ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin jijiyar a ɗinke suke da juna tsam, babu tsaga. Iskar oksijin tana ratsawa da kanta, sikari yana da ƙofarsa da mai ɗauko shi, amma manyan furotin na jini da galibin magunguna da ƙwayoyin cuta ba su da hanya. Wannan shi ake kira shingen jini da ƙwaƙwalwa. An tsara shi ne ya fuskanci jini ta ciki. Jinin da ya zuba kuwa ta baya yake zuwa masa, ta gefen da ba a taɓa shirya shi ya haɗu da jini ba.

Irin zubar da ta sami Baba, kusan kashi 85 cikin 100 na wadda ba buguwa ce ta jawo ta ba tana fitowa ne daga wani bororo da jijiya ke yi a inda bangonta ya yi rauni. A daƙiƙun da ya fashe, matsin cikin ƙoƙon kai yana tashi har ya kusa kamo ƙarfin bugun jini, sai jini ya kasa shiga ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Shi ne dalilin sumar farko. Wannan ɗan yankewar jini kaɗai tana jigata ƙwayoyin shingen, kuma a cikin awa 72 na farko ɗinkinsu yana fara saki.

Bayan haka sai jinin da ya kwanta ya soma ruɓewa. Jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa, himogulobin ɗin cikinsu, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin, ya fito fili. Himogulobin yana zuƙe wani sinadari mai suna naitirik oksayid, wanda aikinsa shi ne sassauta jijiyoyi, don haka sai manyan jijiyoyin da ke kwance cikin jinin su tsuke. A can ƙasa kuma, a siraran jijiyoyi, 'yan gudajin jini suna toshe hanya, bango yana naso, naman da ke kewaye yana kumbura yana ƙara matse su. Idan waɗannan suka haɗu, wani yanki na ƙwaƙwalwa yakan rasa isasshen jini ba tare da ɗigon sabon jini ya zuba ba. Yawanci yana faruwa ne tsakanin kwana na 4 da na 14, ya fi tsanani wajen ƙarshen makon farko, kuma yana samun kimanin mutum 3 cikin 10.

Don haka ne ake ba da maganin nimodifin, miligiram 60 duk bayan awa 4 har kwana 21. Idan yana faɗar da ƙarfin jini, a raba shi miligiram 30 duk bayan awa 2, ba a dakatar da shi haka kawai. Ana kula kada jikin majiyyaci ya bushe, ana auna gishirin jininsa kullum, ana duba gudun jini a jijiyoyin kai da na'urar sauti. Idan alamu suka bayyana bayan an riga an toshe bororon, likita na iya ɗaga ƙarfin jinin da gangan, ko a zura siririn bututu ta jijiya a buɗe wadda ta tsuke. Ke da kike zaune a gefensa kina da aiki babba: sabon barci mai nauyi, magana da ta karkace, hannu ko ƙafa da ya saki, ko rashin gane wanda ya gane da safe, ki sanar da ma'aikatan jinya a take, ko da tsakar dare ne. Sau da yawa mai jinya ne ke fara lura kafin na'ura.

TAMBAYA: Ni ɗalibin likitanci ne. Da me aka gina shingen nan, kuma wane abu ne a cikin jini yake rusa shi?

AMSA: Malam, fara da yadda aka gano shi, zai taimaka maka ka riƙe. A 1885 Paul Ehrlich a Jamus ya yi wa dabbobi allurar rini a jini, sassan jiki suka rinu, ƙwaƙwalwa ta fita fara. A 1913 ɗalibinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin, ya zuba rinin a cikin ruwan ƙwaƙwalwa, sai ƙwaƙwalwar ta rinu, sauran jiki bai rinu ba. Ashe ba ƙin karɓar rini take yi ba, akwai abin da ya shiga tsakani. Sai a 1967 Thomas Reese da Morris Karnovsky suka nuna da madubin lantarki cewa shingen yana jikin ƙwayoyin shimfiɗar jijiyar ne, a daidai mahaɗarsu.

Hawa huɗu za ka riƙe. Ƙwayoyin shimfiɗa, waɗanda furotin irin su kulodin-5 da okuludin suka ɗinke, ZO-1 kuma ya ɗaure ɗinkin da ƙashin ƙwayar ta ciki. Sai siririn tantanin da suke kwance a kansa. Sai ferisait, ƙwayoyin da suka rungume jijiyar ta waje. Sai ƙafafun astirosait, wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu tallafi, da suka lulluɓe kusan dukkan jikinta, ɗauke da kafofin ruwa masu suna akwaforin-4. Idan aka miƙe siraran jijiyoyin ƙwaƙwalwar mutum guda, za su kai kimanin kilomita 600, kuma duk tsawon nan haka yake a ɗinke.

Masu ɓarnar kuma bi da bi suke zuwa, kowa da lokacinsa. A awannin farko gudan jinin yana takurewa, yana matso ruwansa cikin naman da ke kewaye. Daga nan zuwa kwana biyu ko uku, tirombin ne ke kan gaba. Shi ne sinadarin da ke daskarar da jini, aikin alheri ne a cikin jijiya, amma a wajenta yana kama wata mariƙa mai suna PAR-1 a jikin ƙwayoyin shimfiɗa, su takure, ɗinki ya buɗe. Yana kuma tayar da mikurogiliya, masu gadin ƙwaƙwalwa, su saki sinadaran kumburi su kira fararen ƙwayoyin jini. Waɗannan suna zuwa da MMP-9, wanda za ka iya ɗaukarsa a matsayin almakashi: yana yanka tantanin ƙasa da furotin ɗin ɗinki gaba ɗaya.

Daga kwana na uku zuwa sama sai ƙarfe ya karɓa. Jiki yana da masu kwashe shara, haftogulobin mai kama himogulobin da himofeksin mai kama him, wato ɓangaren himogulobin mai ɗauke da ƙarfe, amma a cikin ruwan ƙwaƙwalwa kaɗan ne, nan da nan ake fin ƙarfinsu. Wani sinadari yana fasa him gida uku: ƙarfe, bilibadin da iskar kabon monoksayid. Ƙarfen da ya rasa mariƙi yana haifar da sinadarai masu cin kitsen bangon ƙwaya, kwatankwacin yadda tsatsa ke cin ƙusa. Shi ya sa kumburin da ke kewaye da gudan jini a cikin naman ƙwaƙwalwa yake iya ci gaba da girma har cikin mako na biyu.

Ka kuma bambance kumburi iri biyu, domin a nan ɗalibai ke tuntuɓe. Akwai wanda ƙwayar da ta rasa oksijin ke shan ruwa ta kumbura alhali shinge yana nan lafiya. Akwai wanda shinge ya yage, albumin, wani furotin na jini, ya fita, ruwa ya bi shi ya taru a tsakanin ƙwayoyi. Bayan zubar jini duka biyun suna tare. Kuma suna ciyar da juna: kumburi yana ɗaga matsi, matsi yana rage shigar jini, ƙarancin jini yana ƙara yaga shinge. Ƙoƙon kan baligi ba ya buɗewa. Ƙwaƙwalwa, jini da ruwan ƙwaƙwalwa ne ke raba ɗaki ɗaya, duk wanda ya ƙaru sai wani ya matsa.

TAMBAYA: Kakana ya buge kansa a ƙofa, ba a ɗauke shi wani abu ba. Bayan wata guda aka ga jini ya taru a kansa. Shin duk zubar jini a kai iri ɗaya ce?

AMSA: Ba iri ɗaya ba ce, ɗan uwa, kuma wurin da jinin ya kwanta shi ke nuna irin ɓarnar. Tantani uku ne suka lulluɓe ƙwaƙwalwa: dura mai kauri a manne da ƙashi, araknoyid a tsakiya, sai fiya a manne da ƙwaƙwalwar.

Jinin da ya zuba tsakanin ƙashi da dura yawanci daga jijiyar da ƙashin gefen kai ya tsaga yake fitowa. Bai taɓa ƙwaƙwalwa kai tsaye, danne ta yake yi. Mutum na iya farfaɗowa ya yi magana na 'yan awanni, sannan ya sake sumewa. Idan aka cire shi da wuri, galibi ana warkewa sarai, domin gubar jinin ba ta kai ga shingen ba. Wanda ya zuba ƙarƙashin araknoyid shi ne na tambayar farko, wanda ke wanke jijiyoyin da kansu.

Na Kaka yana tsakanin dura da araknoyid. Da tsufa ƙwaƙwalwa tana ɗan ja baya daga ƙashi, siraran jijiyoyin da suka ratsa tazarar su miƙe, ƙaramar buguwa ta isa ta tsinka ɗaya, musamman ga mai shan maganin tsinka jini ko mai yawan shan giya. Abin da ke sa ya girma a hankali shi ne jiki yana gina sabon tantani ya kewaye jinin, ya cika shi da sababbin jijiyoyi marasa ɗinki. Suna naso, suna fashewa kaɗan-kaɗan, tarin yana ƙaruwa mako bayan mako, har a fara ganin mantuwa, tangaɗi ko nauyin ɓari ɗaya, a ɗauka tsufa ne.

Maganinsa huda ƙaramin rami ne a ƙashi a wanke, a bar bututu na kwana ɗaya ko biyu. Wani gwaji da aka yi a Kambirij, aka buga a 2009, ya nuna barin bututun ya rage dawowar tarin daga kashi 24 cikin 100 zuwa kimanin 9. A 2024 kuma manyan gwaje-gwaje sun nuna cewa toshe jijiyar da ke ciyar da tantanin ta hanyar bututu yana ƙara rage dawowarsa.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Me ya sa manitol, maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa, ke aiki da kyau a karon farko, amma idan aka yi ta maimaitawa sai kumburin ya dawo, wani lokaci ma ya fi na da?

AMSA: Sista, tambayarki ta taɓa ainihin maganar. Manitol ba ya aiki sai da shinge. Aikinsa shi ne ya zauna a cikin jijiya ya sa jini ya fi naman ƙwaƙwalwa kauri, ruwa ya biyo shi. Wannan yana yiwuwa ne kawai a inda bango ya hana shi fita. Ke nan ruwan da yake janyewa mafi yawa daga lafiyayyen ɓangare yake fitowa, wanda hakan ke samar da sarari a cikin kai. A inda shinge ya yage kuwa, manitol ɗin yana tsiyaya cikin nama. Da ƙoda ta fitar da na cikin jini, wanda ya maƙale a nama sai ya fara jan ruwa zuwa ciki. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su ma, idan aka daɗe ana busar da su, suna tara nasu sinadarai don riƙe ruwa, shi ya sa yankewa farat ɗaya bayan kwanaki ke jawo dawowar kumburi.

Ma'auni shi ne giram 0.25 zuwa 1 ga kowane kilo na nauyin jiki. Mai kilo 70 da aka rubuta wa giram 0.5 zai sami giram 35, wato mililita 175 na ruwan manitol mai kashi 20, a cikin minti 15 zuwa 20. Ki ɗaga kwalbar ki duba kafin ki rataya, domin yana yin ƙanƙara idan ya yi sanyi, kuma da matata ake ba da shi. A sa bututun fitsari, a maye ruwan da ya fita. Idan aka bar jiki ya bushe, ƙarfin jini ya faɗi, an yi gyaran gangar auzinawa ke nan: matsin kai ya sauka amma jinin da ke shiga ƙwaƙwalwa ya ragu. Ana so kaurin jini kada ya wuce 320 a ma'aunin mOsm/kg, don kare ƙoda.

Ruwan gishiri mai kauri, na kashi 3 ko na kashi 23.4, yana da fifiko ga wanda ƙarfin jininsa ke ƙasa, domin ba ya sa yawan fitsari kamar manitol. Amma shi ma da shinge yake aiki, kuma sai an riƙa auna sodiyam a kai a kai. Abin da za ki guje wa shi ne ruwa mai tsinkakken gishiri, irin ruwan sikari na kashi 5 shi kaɗai. Jiki yana ƙone sikarin ya bar tsurar ruwa, wanda ke wucewa kai tsaye cikin naman da ya kumbura.

Kada kuma a raina ƙananan abubuwa. Ɗaga kan gado digiri 30, wuya a miƙe ba a karkace ba, kada ɗaurin bututun numfashi ya shaƙe jijiyoyin wuya, a sauke zazzaɓi da wuri, a magance jijjiga. Matsin cikin kai na lafiyayyen baligi a kwance bai cika wuce 15 a ma'aunin mmHg ba, kuma ga wanda ya sami buguwar kai ana ɗaukar mataki idan ya haura 22.

TAMBAYA: An ba wata 'yar uwata dekzametazon lokacin da take da ƙari a ƙwaƙwalwa, kumburin ya sauka cikin kwana biyu. Me ya hana a ba mai zubar jini?

AMSA: Hajiya, likitoci ma sun daɗe suna wannan tunani, har aka gwada. Kumburin ƙari kusan duka daga jijiyoyi masu naso yake, sitiroyid irin su dekzametazon kuma yana tsuke irin wannan nason. Kumburin zubar jini kuwa ya haɗa da gubar tirombin da ƙarfe da ƙwayoyin da suka rasa oksijin, waɗanda maganin bai iya musu komai.

A 1987 an gwada dekzametazon a Tailan kan masu zubar jini a cikin naman ƙwaƙwalwa. Bai rage mutuwa ba, sai ƙarin kamuwa da ƙwayoyin cuta da hawan sikari. A 2004 babban gwajin CRASH, mai mutum sama da 10,000 da suka sami buguwar kai, ya nuna waɗanda aka ba sitiroyid sun fi mutuwa a mako biyun farko, kimanin kashi 21 cikin 100, a kan kashi 18 na waɗanda ba a ba ba. A 2020 wani gwaji a Birtaniya kan irin tarin jinin tsofaffi ya nuna maganin ya rage sake yin tiyata, amma waɗanda suka sha shi sun fi ƙarancin komawa daidai. Saboda haka idan likita ya ƙi rubuta shi, ba rowa ba ce, kuma kada a saya a ba majiyyaci a ɓoye.

An kuma gwada kama ƙarfen da kansa da maganin difiroksamin, sakamakon 2019 bai kai yadda za a mayar da shi magani ba. Wani maganin, kilazosentan, ya rage tsukewar manyan jijiyoyi a hoto, Japan ta amince da shi a 2022, amma manyan gwaje-gwajen da aka yi a wasu ƙasashe ba su nuna majiyyata sun fi warkewa ba. Wannan ya ƙara tabbatar da cewa babban ɓangare na ɓarnar a siraran jijiyoyi da shingensu yake.

TAMBAYA: Shingen yana gyaruwa kuwa? Mijina ya warke wata takwas da suka wuce, sai ga shi ya fara farfaɗiya.

AMSA: Yana gyaruwa, Malama, cikin makonni zuwa watanni. Ƙwayoyin shimfiɗa suna sake ɗinkewa, masu kwashe shara suna haɗiye ragowar jinin su adana ƙarfen a matsayin himosidarin, wanda ke barin baƙin tabo da ake gani a wasu hotunan MRI shekaru bayan haka. Ana iya gane inda shinge bai gama rufewa ba ta hanyar allurar gadoliniyam kafin hoto, domin ba ya ratsa lafiyayyen shinge, duk inda ya haska akwai naso.

Sai dai abin da ya shiga lokacin da ƙofa take buɗe yakan bar sawu. Albumin da ya fita daga jini yana sauya halin astirosait, su rage iya kwashe fotasiyam da gulutamet daga tsakanin jijiyoyin saƙo, wurin ya zama mai saurin tartsatsi. Idan aka haɗa da tabon ƙarfe a saman ƙwaƙwalwa, farfaɗiya na iya ɓullowa watanni ko shekaru bayan an warke. Wadda ta zo a makare haka tana yawan maimaituwa, shi ya sa galibi ake fara magani tun daga faɗuwar farko.

Ki mayar da shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a sake hoto, a tabbatar babu sabon jini ko taruwar ruwa, a kuma yi gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa. Ya sha maganin kullum a kan lokaci, kada ya yanke don ya ga wata biyu shiru. Ya samu isasshen barci, ya dakata da tuƙi, iyo da hawa sama har likita ya ba shi izini, a ci gaba da auna hawan jininsa. Idan jijjiga ta kama shi, ki kwantar da shi ta gefe, ki janye abin da zai buge shi, kada ki cusa komai a bakinsa, ki duba agogo. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, a kai shi asibiti nan take.